Kyauta Mai Sharaɗi

"Ajiye jakar nan ki zauna, Auta. Yau ba inda za ki sai mun gama magana."

Hannunta na kan ƙofa ta tsaya cak. Muryar Yaya ce, babban wanta, wanda tun rasuwar mahaifinsu ya zama uba a gidan. Yana kan kujerar marigayin, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Umma tana gefe, kanta a sunkuye, tana ta ninke wani ɗankwali da tuni yake a ninke.

"Yaya, yau ne fa taron neman taimakon masauki. Ana jira na, ni zan tsara kujeru."

"Na sani. Saboda taron na ce ki zauna."

Ta ɗosana a bakin kujera, jakar a cinyarta. Ta haura shekara talatin, ma'aikaciyar jinya ce a asibitin unguwa, amma in Yaya ya yi irin wannan murya sai ta ji ta koma yarinyar da ta fasa kofi.

Masaukin wani tsohon gida ne a bayan tashar mota, inda wata ƙungiya ke kwantar da waɗanda ba su da wurin kwana: tsofaffin da 'ya'ya suka manta da su, matan da aka koro da kayansu a leda, magidantan da haya ta fi ƙarfinsu. Duk ranar hutunta can Auta take wuni, ta wanke raunuka, ta raba magani, wani lokaci har wanki. Yanzu mai gidan ya sayar da abinsa, an ce su tashi kafin ruwan sama ya sauka.

Yaya ya gyara zama. "Abokina Ɗan Kwangila ya zo jiya. Yana da gida mai bene a bayan filin ƙwallo, ba kowa a ciki. Ya ce yau a gaban jama'a zai ba ƙungiyarku shi kyauta."

Ta dafe ƙirji. "Yaya, da gaske? Allah ya saka masa da..."

"Bari in ƙarasa. Ya ce ya gaji da jira. Tun yaushe yake bin ki kina yi masa yawo da hankali? In kin amince da shi, makullan suna aljihunsa. In ba ki amince ba, ya sa 'yan haya a gidansa, ba wanda zai ce ya yi laifi."

Murmushin ya bushe a fuskarta.

"Wato ni ce farashin gidan."

"Ki iya bakinki! Mutum ya zo da mutuncinsa da arzikinsa, kin tsaya kina kallon wannan kafintan. Mutumin da aka tsinto a ƙarƙashin gada! Wa ya san ubansa? In an ce ya kawo danginsa, wa zai kawo? 'Yan masaukin?"

"Shagonsa ne ya ƙone, Yaya, ba sata ya yi ba. Kuma tuni ya tashi, da guminsa yake ci. Kowa zai iya faɗuwa."

"Ba a gidan nan ba."

Ta juya wajen mahaifiyarta, hawaye ya riga ya cika mata ido. "Umma, ke ba za ki ce komai ba?"

Umma ba ta ɗago ba. "Me zan ce, Auta? Ni dai ina so in ga kin zauna a inda ba za a kore ki ba. Na tsufa. Kullum ina tunanin ranar da ba ni."

"Shi ma ba zai kore ni ba, Umma."

"Shi kansa a ɗakin haya yake, 'yata."

Wannan ta fi duk faɗan Yaya ciwo, don a hankali aka faɗe ta.

Yaya ya miƙe ya ɗauki makullin motarsa. "Ni da Umma za mu zo taron. Zai kira ki gaba. Kada ki kunyata ni, Auta. Na gaya miki."

Ba ta hau mota ba. A ƙafa ta tafi, ta bi ta gaban masu gyaran waya da masu sayar da takalman gwanjo, mutane na ta gifta ta, ba wanda ya san abin da ke cin ta. Ta ciro waya za ta kira wani, ta duba sunaye daga sama har ƙasa, ba ta ga wanda za ta iya gaya wa ba. Ta mayar da ita jaka.

A ƙofar masaukin ta tarar da Gwaggo, tsohuwar malamar makaranta da ta kafa ƙungiyar, wadda yaro da babba ke kira da wannan suna. Tana tsaye cikin kwalayen barguna da jama'a suka kawo, tana ganin Auta ta buɗe hannuwa.

"'Yata, kin ji labari? An ce wani bawan Allah zai ba mu gida! Gida sukutum, har da famfo a sama da ƙasa! Wallahi da na ji, sai da na taka rawa, gwiwar nan tawa ta ce ba da ita ba."

Ta rungume ta tana dariya tana kuka. Auta ta ji ƙasusuwan tsohuwar a jikinta, ta tuna yadda matar nan ta zagaye ofisoshi da shaguna tana roƙo har takalminta ya tsinke.

"Allah ya tabbatar, Gwaggo," kawai ta ce.

Ƙarar goge katako ta ja ta zuwa bayan gida.

Kafinta yana ƙarƙashin rumfar langalanga, ya sunkuya kan ƙananan kujerun da ya ƙera don a yi gwanjonsu a taron. Garin katako ya yi masa furfura a gira. A masaukin nan ya fara kwana lokacin da duniya ta juya masa baya, da ya samu ɗaki a waje kuma bai daina dawowa ba, duk ƙofar da ta karye shi ne, duk tagar da ta ɓalle shi ne.

Kullum in ya ji takunta yakan ce, "Ga Nas, kowa ya ɓoye hannunsa, allura ta iso." Yau bai ce ba.

"Sannu da aiki," ta ce.

"Yawwa." Bai dubo ta ba.

Ta tsaya tana kallon bayan wuyansa, sai jikinta ya ba ta. "Ɗan Kwangila ya zo wurinka, ko?"

Ya ajiye takardar gugar a hankali. "Ya zo da safe. Bai zage ni ba, kada ki ce ya zage ni. Har hannu ya ba ni. Ya nuna min hotunan gidan a wayarsa. Ɗakuna manya ne, Nas. Akwai wanda iska ke shiga ta gefe biyu, na ce a raina wannan na masu tari ne."

"Sai ka ce masa me?"

"Na ce masa Allah ya sanya alheri."

Ta ji kamar an zare mata ƙasa. "Allah ya sanya alheri? Ni ce fa ake magana a kaina! Ni, wadda ka ce in babu ni ba ka ga amfanin tashi da safe ba!"

"Na faɗa, kuma ban janye ba."

"To me ya sa?"

Sai a lokacin ya juyo. Idanunsa sun yi ja. Ya nuna mata tsakar gida da haɓa, inda wani tsoho mai ƙafa ɗaya ke shanya rigarsa, wata mata kuma tana tsefe wa 'yarta kai.

"Dube su. Ke ba ki taɓa kwana a waje ba, kuma ina roƙon Allah kada ki taɓa. Kina tsammani sanyi ne abin tsoro, ko yunwa. A'a. Ka wuni a bakin titi, dubban mutane su wuce ka, ba wanda idonsa zai tsaya a kanka. Ka yi sallama, a kalli bango. Akwai lokacin da na manta yadda muryata take, don ba wanda zan yi wa magana. Na fara shakka ko ina raye. Kina so in mayar da mutanen nan can, don ni in ji daɗi?"

"Za mu samu wata hanya. Ai shi ya sa ake taron."

"Nas, kin san abin da taro ke tarawa. Zai sayi shinkafa da sabulu. Ba zai sayi rufi ba."

Hawayen da take riƙewa tun daga gida suka ɓalle. Ta zauna kan ɗaya daga cikin kujerun, ta rufe fuska da gyalenta.

"Kowa ya yanke hukunci a kaina. Yaya ya yanke, Umma ta yanke, shi ya yanke. Na ce ko duniya ta taru, kai kaɗai za ka tambaye ni abin da nake so. Ashe kai ma ka gama naka lissafin."

"Kada ki ce haka."

"Me zan ce? Tun ina yarinya nake cikin mutane, amma ban taɓa jin ina da wani ba sai da na same ka. A asibiti ni ce mai ba da haƙuri. A gida ni ce mai yin shiru. Nan ne kaɗai, a ƙarƙashin rumfar nan mai zafi, nake magana a saurare ni. Shi ne za ka ɗauke ni ka ba da sadaka?"

Ya durƙusa a gabanta, bai taɓa ta ba.

"In na aure ki, aka watsa kayansu a titi, duk ranar da aka yi ruwa zan kalle ki in tuna. Ke ma za ki kalle ni ki tuna. Son da muke yi ba zai rayu a cikin wannan ba. Gara in rasa ki kina ganin girmana."

"Ni kuma fa? In kwana a gidan wanda ba na so har in mutu, wannan ba rashin wurin kwana ba ne?"

Ya daɗe yana kallon ƙasa, hawaye ya gangaro ya yi layi a cikin ƙurar fuskarsa.

"Ki yafe min," ya ce.

Daga cikin gida Gwaggo ta ƙwala kira, motar ɗaukar kaya ta iso. Ya miƙe ya fara ɗora kujerun kan juna. Ita ma ta miƙe, ta share fuska, ta ɗauki biyu. Haka suka yi ta jigila zuwa mota, kafaɗa na gogar kafaɗa.

Da la'asar ɗakin taron makarantar ya cika. 'Yan sa kai sanye da riguna iri ɗaya suna zagawa da kwanduna, mata 'yan kasuwa sun kawo buhunan tufafi, wani mai gidan burodi ya yi alkawarin ciyar da masaukin kowace safiya. Kujerun Kafinta suka tafi a gwanjo, har ana rige-rige. Gwaggo ta yi jawabi, ta manta rabin abin da ta shirya, aka yi mata tafi duk da haka.

Auta tana gefen dandamali tana miƙa ruwa. Kowa ya wuce sai ya ce mata sannu da ƙoƙari. Tana murmushi, tana amsawa, tana jin kamar daga cikin rijiya take jiyo su.

Sai aka yi ta waige-waige. Ɗan Kwangila ne ya shigo, ƙamshin turarensa ya riga shi isowa, masu ɗaukar hoto biyu da ya gayyato da kansa suna biye da shi. Yaya na damansa. Umma na bayansu, tana tafiya kamar wadda aka jawo.

Mutum ne mai kyawun fuska da iya magana. Ya karɓi makirufo, ya yi bayani kan tausayi har wasu mata suka share ido. Daga nan ya sa hannu a aljihu ya ciro makullai, ya ɗaga su sama suna ƙara.

"Daga yau, gidana na bayan filin ƙwallo ya zama na masauki!"

Ɗakin ya ɗauki sowa. Tsohon nan mai ƙafa ɗaya ya riƙa buga sandarsa a ƙasa. Gwaggo ta miƙo hannuwa biyu, amma Ɗan Kwangila ya yi murmushi ya janye nasa hannun.

"Gwaggo, ki yi min afuwa. Akwai wadda ta koya min son mutanen nan. A hannunta nake so in sa su." Ya juyo. "Auta, bismillah."

Aka yi shewa, wasu suka fara raɗa da dariya. Yaya ya kafe ta da ido.

Ta hau dandamalin. Daga sama ta hango can ƙarshen ɗaki, kusa da ƙofa. Kafinta na tsaye shi kaɗai, jakar kayan aikinsa a kafaɗa, da wata jaka ta biyu da ba ta taɓa ganin sa da ita ba. Yana tafa hannu tare da kowa.

Makullan suka sauka a tafinta, masu sanyi, masu nauyi.

Ta dube su. Sannan ta miƙa ɗaya hannun ta karɓi makirufon, kafin ya ankara.

"Mun gode," ta ce. "Ranka ya daɗe, mutanen nan an sha ba su wuri a dawo a karɓe. Shi ya sa har yanzu wasunsu da takalmi suke kwana. Ina roƙon ka, ka kwantar musu da hankali da bakinka. Wannan gida don Allah ka bayar, ko akwai wani sharaɗi a kansa?"

Duk idanu suka koma kansa.

Murmushinsa bai gushe ba, amma jijiyar gefen kansa ta tashi. Ya kalli Yaya. Ya kalli masu hoton da ya kawo, dukansu sun saita shi. Ya kalli 'yan kasuwar da yake hulɗa da su a layin gaba.

"Haba, wane irin sharaɗi?" ya ce da wata 'yar dariya. "Don Allah na bayar."

"Ko da me zai faru gobe, ba za ka karɓe ba?"

"Ba zan karɓe ba. Jama'a shaida ne."

"Allah ya saka da alheri."

Ta juya ta damƙa wa Gwaggo makullan, ta naɗe yatsun tsohuwar a kansu. Tafin da ya biyo baya har tagogi suka amsa. A cikin hayaniyar Ɗan Kwangila ya matso kusa da kunnenta, yana yi wa masu hoto murmushi.

"Kin ci gida," ya ce a hankali. "Sai mu ga inda ke za ki zauna."

Ba ta tsaya ba. Ta sauka tana kutsawa cikin masu rungumar juna, idonta na kan ƙofa. Wurin da Kafinta yake tsaye babu kowa.

A bakin ƙofa aka fizgo hannunta. Yaya ne.

"Ni za ki tozarta? A gaban abokina? A gaban gari?"

"Yaya, sake ni, don Allah. Zai tafi."

"To ki ji da kyau. In kika taka waje kika bi shi, kada ki sake taka gidan ubana. Na rantse."

Ta leƙa bayansa. Umma na tsaye, ta toshe baki da ɗankwali, hawaye na zuba. Auta ta jira. Kalma ɗaya take nema, ko da sunanta ne. Umma ta kawar da kai.

Ta zare hannunta ta fita.

Da gudu-gudu ta isa tasha. Ta bi motocin ɗaya bayan ɗaya tana leƙa tagogi, masu lodi na tambayar ta ina za ta. Ta kwatanta shi: dogo, da jakar kayan kafinta. Wani ya ce ya ga mai kama da shi ya shiga wadda ta tashi yanzun nan. Ta ce wace hanya? Ya ɗaga kafaɗa, ya ce motoci uku ne suka tashi tare.

Ta kira wayarsa. A kashe. Ta sake kira. A kashe.

Ta je ɗakin da yake haya, mai gidan ya ce tun da rana ya mayar da makulli, ya yi sallama da kowa. Bai faɗi inda ya nufa ba.

Ya tafi bai ji tambayar da ta yi ba, bai ji amsar da aka ba ta ba. A saninsa, ta zama ta wani.

Rana ta yi ja ta fara faɗuwa a bayan rufin shaguna. Masu kanti na ja da ƙofofinsu, kowa na haramar gida. Auta ta tsaya a mararraba, ta dubi hanyar da ta saba bi, ta tuna rantsuwar Yaya. Ƙafafunta da kansu suka juya.

Masaukin shiru, duk suna wurin taro. A kan benci a bakin ƙofa wata dattijuwa ce zaune, cikin sababbin 'yan sa kai da suka fara zuwa yau, an bar ta tsaron gida. Ba ta san Auta ba. Ta dube ta daga sama har ƙasa: gyale a karkace, ƙura har idon sawu, idanu a kumbure.

Ta matsa gefe ta ba ta wuri, ta yi magana da taushin murya.

"Sannu, 'yata. Zauna ki huta, nan ba a korar kowa. Kina da inda za ki kwana yau?"

Auta ta buɗe baki za ta ce ita ma'aikaciya ce a nan. Sai ta tsaya, ta yi tunanin tambayar da kyau.

"A'a, Iya," ta ce. "Ba ni da shi."